Ciyawar da Ban Auna Ba

Litinin, 25 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Yau zan gama auna ciyawar bana. Ta bushe a bayan biro, wato ofishinmu, ƙullin kowane wuri daban.

Aikin ba shi da wuya, sai dai a yi maka dariya. Ka tsaya tsakiyar daji, ka jefa ƙarfen awo mai mita ɗaya kowane gefe, ka durƙusa da almakashi ka yanke duk abin da ya faɗa ciki. In ta bushe ka ɗora a sikeli. Da wannan ake cewa ko kiwon shekara zai kai dabbobi damina ko ba zai kai ba. Shekara tara ina yi wa furojenmu, shirin tallafin kiwo, wannan aiki, har makiyaya sun sa mini suna wanzamin daji.

To bana wanzami bai sami gashi ba. Ruwa ya ɗauke tun ƙarshen Agusta. Tsakanin Barmu da Takanamat akwai inda abin da na yanka bai cika tafin hannu ba.

Wuraren awo sha biyu ne a takarda, sha ɗaya muka je. Na ƙarshen shi ne Kwarin Intakkar, arewa da Takanamat. Rana ta yi sanyi kafin mu kai, yanzu kuwa ba mai son magariba ta same shi a waccan hanya. Dokta Abdurazak, gwanin da furoje ya ɗauka don ya rubuta rapor, wato rahoton binciken, ya ce ya duba hoton tauraron ɗan Adam, can ma haka take, in sa adadin wuri na sha ɗaya. Na sa, na sa hannu a ƙasa.

Alhamis, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

An karanta rapor a zauren otel. Manya sun zo, an ci kaza, an sha lemo mai sanyi ana maganar yunwar shanu.

Dokta ya iya magana, wannan ba a raba shi da ita. Ɗan Tawa ne, ya yi karatu a waje, ya yi ritaya, yanzu furoje-furoje ke hayar kansa. Ya ce kiwon bana ba zai wuce watan Janairu ba a duk arewacin Adar. Shawararsa: kowa ya sayar da biyu cikin uku na dabbobinsa yanzu, tun suna da tsoka, ya sayi dusa ya riƙe sauran. Furoje zai sayi raunanan a yanka a raba nama. Masu ƙarfin kuma wani ɗan kasuwa, Alhaji Hasan, zai kawo kamyo, manyan motocin kaya, har Takanamat ya saya nan take, don kada mutane su sha wahalar kora zuwa kasuwa. Aka yi tafi.

Ni aka naɗa mai kula da aikin a Takanamat. Akwai kuɗin misyo kullum, wato alawus ɗin fita aiki, kuma shef, shugaban furoje, ya ce in aiki ya yi kyau, sabuwar moton da ke biro, babur ɗin nan, tawa ce.

Da na faɗa wa matata Azumi sai ta ce, “Ashe hwari ma yana da ƴan uwa. Allah shi sa alheri, Baban Hafsatu.” Na ce ta iya bakinta. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Na leƙa kasuwar dabbobi. Rediyo ya kwana uku yana maimaita maganar Dokta, yau ga sakamako: shanu har bakin titi, masu saye sun naɗe hannu suna kallo. Saniyar da makon jiya aka taya jika ɗari biyu da tamanin, wato sefa dubu ɗari biyu da tamanin, yau dillali na rantsuwa ba ta kai ɗari da saba'in ba. Buhun dusa kuwa ya hau, kamar shi ma ya saurari rediyo.

Wani tsohon dillali ya ja hannuna, ya kira ni Mushe yadda suke kiran ma'aikata, ya ce, “Mushe, ku da bakinku kun hi hwarin saurin kashe saniya.” Na yi dariya na wuce. Dabbobin nan ko ɗaya ba ta rame ba tukuna. Magana kawai aka yi.

Talata, 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je tungarsu Kawu Ciɗo, gabas da Takanamat, don in yi wa mutane bayani. Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi. Shi ne babba a tungar, gida kamar ashirin, abin da ya ce shi ake yi. Shanunsa sha huɗu, jajaye, irin Azawak, shekara talatin yana tara su. Ba shi da gonar kirki, ba shi da wata sana'a. Su ne abincinsa, su ne mutuncinsa.

Al'adarsu kowace shekara bayan girbi, kafin a yanke shawarar komai, sai su tura Alƙasum, Buzun da ke zaune kusa da su, ya hau raƙumi ya yi arewa kwana uku ko huɗu ya dubo kiwo da rijiyoyi. In ya dawo a ba shi damin hatsi da ganyen shayi. Abin da idonsa ya gani, a kansa ake tsayawa. Yau ma yana nan zaune ƙarƙashin aduwa, ya riga ya ɗaure sirdi.

Na yi bayani yadda Dokta ya yi, har da ɗaga yatsa. Da na gama Kawu ya ce:

“Rashidu, Intakkar hwa? Mun ga walƙiya wajen nan cikin Satumba, dare biyu.”

Na ce, “Kawu, wuri sha biyu munka auna. Intakkar na ciki.”

“Babu haki?”

“Babu, Kawu.”

Mutum ashirin na kallona, ga motar furoje a bayana, ga takarda a hannuna da sa hannuna a jiki. Me zan ce?

Kawu ya juya ya ce, “Alƙasum, kwance ma raƙuminka sirdi shi huta. Ɗana ya riga ka zuwa, shi da sikeli ma yat tahi.” Aka yi dariya. Alƙasum ya gyara rawani. Kawu ya ce wa mutane kowa ya ba ni sunansa, shi ma zai fid da tara.

Juma'a, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Sha ɗaya cikin sha biyu ba su da ciyawa. Me zai sa na sha biyun ya bambanta?

Litinin, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Na raba sunaye rukuni uku, Alhamis uku: 11, 18 da 25. Tungarsu Kawu na raba ta biyu, rabi a rukunin farko, rabi a na biyu. Shi Kawu na sa shi a na ƙarshe, shi kaɗai daga tungar, cikin mutanen wasu ƙauyuka.

Ba don komai ba. Tsoho ne, gara ya zo ranar da babu cunkoso. Kuma mako biyu ba kaɗan ba ne, abubuwa na canzawa.

An ba ni makullin moto, wai in fara sabawa da ita. Hafsatu da ƙannenta sun hau sun sauka har sau goma a tsakar gida.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, bayan magariba

Rukunin farko. Tebur a fili bayan Takanamat, ni da rasit, Alhaji Hasan da yaransa da jakar kuɗi, Dokta a kujera ƙarƙashin rumfa yana duba haƙora in an kawo gardama. Shi ke cewa wannan raunanna ce, ta furoje, wannan mai ƙarfi ce, ta Alhaji. Farashin Alhaji shi ne na kasuwar Lahadi, wato wanda ya faɗi.

Mutane ba su yi gardama ba. Wani maƙwabcin Kawu, Yunusu, ya kawo shida cikin takwas. Da aka ja wata mai farin goshi ya bi ta da ido har ta shige cikin garke, sannan ya dangwala yatsa. Ya ce mini, “Ba don Ciɗo yac ce kai kag gani ba, wallahi wagga ba ta barin gidana.” Na ce Allah ya mayar da alheri.

Rana ta yi zafi. Na sha ruwa da yawa, kaina na ciwo.

Asabar, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Azumi ta dawo daga suna a unguwarsu Dokta, ta zo da labari kamar kullum, tun ba ta cire mayafi ba.

Wai matar Dokta na ta ƙorafi cikin mata, ɓeraye sun hana ta sakat. Ɗakuna uku na gidan da garejin mota duk buhunan dusa ne har rufi, tun watan Satumba. Wai ta ce da ta san gidan ajiya za ta aura da ta nemi mai gadi. Mata na ta dariya. Wata ta tambaya ta wa ce, ta ce tasu ce, Dokta da Alhaji Hasan, ai tare suke komai, kamyo biyu ma na Dokta ne, sunan Alhaji kawai ke jiki.

Azumi ta tsaya ta dube ni. “Satumba ba kahin ku tahi yankan hakin nan ba na?”

Na ce mutum na da ikon ya yi kasuwancinsa. Kowa ya ga ruwa ya ɗauke a Agusta, ba sai da sikeli ba.

Ta ce, “To. Ni dai na san wanda ka saida maganin ciki ba shi hwaɗa maka cikinka lahiya lau.”

Na yi mata tsawa, na ce ta bar kwaso mini gulmar biki. Ta shige madafa. Ban kyauta ba.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, da safe

Ban je kasuwa ba. Na wanke moto, ko da yake ba ta yi datti ba.

Talata, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Furoje ya ba da kwangilar dusar da za a sayar wa makiyaya da sauƙi. Takardar ta biyo ta teburina. Alhaji Hasan ne. A rapor Dokta ya rubuta cewa a ba wanda ke da kaya a ƙasa cikin Tawa, saboda gaggawa. Mutum ɗaya ne ke da kaya a ƙasa cikin Tawa.

Na buga hatimi na miƙa gaba. Ba aikina ba ne in karanta, aikina in buga.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, bayan magariba

Rukuni na biyu. Sauran tungarsu Kawu duk sun sayar. Na rubuta rasit talatin da ɗaya.

Abu ɗaya na lura. Kamyo biyu ne suka zo, an loda bijimai sun yi kudu. Shanu mata kuwa, masu ciki da masu shayarwa da karsana, ba a loda su ba. An haɗa su da na makon jiya, makiyaya huɗu na haya suka sa su gaba da ƙafa. Na ɗauka za su bi hanyar Tawa. Sai na ga sun ba rana kafaɗar hagu sun yi arewa.

Na tambayi ɗaya daga cikin yaran Alhaji ina za a kai su. Ya ce, “Wurin kiwo mana, Mushe. Ko kai ka ba su tuwo?”

Biri fa ya yi kama da mutum.

Juma'a, 19 ga Nuwamba, bayan Juma'a

Liman ya yi huɗuba a kan awo da mudu. Ban san wa ya aike shi ba.

Asabar, 20 ga Nuwamba, bayan magariba

Na tashi da asuba na cika moto da esansi, na ce wa Azumi aiki ne. Ban bi ta tunga ba, na zagaye. Daga Takanamat awa biyu da rabi ne. Ba sai na tambayi hanya ba, sawun shanu ya kai ni.

Gani ya kori ji. Kwarin Intakkar ciyawa har gwiwa, wani wurin har cinya, ta bushe a tsaye, fara tas, ƙarangiya da komayya iyakar ganina. Ruwan Satumban da Kawu ya ga walƙiyarsa nan ya zuba. Rijiya biyu da ruwa. Shanu sun fi ɗari uku a baje, ba mai ɗaga kai. Na gane ta Yunusu mai farin goshi, ta cika ciki tana tuƙa.

Na daɗe a zaune kan moto. Daga baya na sauka, na auna mita ɗaya da sanda tunda ban zo da ƙarfe ba, na yanka da wuƙa. Ƙulli biyar, wurare daban-daban, yadda ƙa'ida ta ce. Yau ne na yi aikin da na sa wa hannu wata guda da ya wuce.

Ɗaya daga cikin makiyayan ya ba ni nono. Ya ce tun Oktoba Alhaji ya aiko aka duba wurin, aka yi magana da masu rijiya. Na sha nonon, don ƙishi bai san kunya ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma har yanzu ban san da wa nake fushi ba.

Lahadi, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Na ɗauki waya in kira Kawu. Na ajiye. Wannan ba maganar waya ba ce.

Litinin, 22 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Na ɗora ƙullin Intakkar a sikeli. Ya ninka abin da na rubuta sau bakwai.

Na sami Dokta a biro shi kaɗai, na ajiye ciyawar a kan teburinsa. Na zo da maganganu cike da baki, tun a hanya nake jera su. Ya dubi ciyawar, ya murza ta a yatsa, ya ce kyakkyawa ce. Ya sa aka kawo mini shayi.

“Bon, Rashidu. Wuri sha ɗaya kai da hannunka ka yanka. Akwai haki?”

Na ce babu.

“Shekarag ga mugunya ta ko ba mugunya ba?”

Na ce mugunya ce.

“Wala. To mi nih hwaɗi wanda ba gaskiya ba? Kwari guda na. In munka ce a rediyo akwai haki Intakkar, bisashen Adar duka su taru can, sati ukku su cinye shi, su kashe juna bakin rijiya biyu, sannan su komo Maris da ƙashi da hwata, ba mai saye ko kyauta. Ka manta shekarun da munka riƙa ja da gawa da igiya? Wanda yas saida yanzu ya samu wani abu.”

Na ce, “Amma Dokta, ku kunka saye. Kuma ku ka saida dussa.”

Bai ko ƙifta ido ba. “To wa za shi saye? Kai? Furoje na da kuɗin saniya dubu? In ban aje dussa ba tun Satumba, yau daga ina za ta hito? Wanda yas san abu shi ka shiri. Laihi na in san aikina?”

Abin haushin, rabin maganarsa gaskiya ce. Da duk ƙarya ce da na ji sauƙi. Na ce ko da haka ne, da an faɗa wa mutane su zaɓa da kansu, kuma da ya gaya wa furoje yana da hannu a cinikin.

Ya jawo fayil ya buɗe shafin awo, ya juyo mini da shi. “Wuri na sha biyu. Rubutun wa na wanga? Ni shawara nib ba ka a mota, ba ni da sa hannu nan. In kana so a gyara, rubuta ma shef ka ce ka ƙirƙiri adadi. Ni ba ni hana ka.” Sannan ya sassauta murya. “Na ga kawunka na cikin na Alhamis. Ka ce mishi shi riƙe abinshi, shi kai su can a hankali. Saniya sha huɗu ba ta rage muna komi. Ni ba mugu ba na.”

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na shanye shayin na fito, na bar masa ciyawar.

Talata, 23 ga Nuwamba, da safe

Na fara rubuta wa shef takarda. Na kai layi huɗu.

Azumi ta ce in na rasa aikin nan ba mutuwa za mu yi ba, tana da injin markaɗe. Ta faɗa tana kallon tukunya. Ban san ta san zancen ya kai nan ba.

Laraba, 24 ga Nuwamba, bayan la'asar

Takardar na nan a layi huɗu.

Na yanke shawara dai: gobe in riga kowa zuwa, in tare Kawu a hanya in ce ya juya da shanunsa. Ko ba komai nasa sun tsira. Da na sa shi a rukunin ƙarshe ashe Allah ne ya nufa. Yau na ci abinci sosai.

Alhamis, 25 ga Nuwamba, bayan magariba

Na tare shi a bakin ƙoramar da ke tsakanin tunga da fili, rana ba ta ɗaga ba. Yana tafe da sandarsa a kafaɗa, shanu tara a gaba. Na kashe moto na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi Azumi da yara ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, “Kawu, ku koma da su gida. Kada ku saida. Akwai haki Intakkar.”

Ya ce, “Na sani.”

Ashe ranar da aka kora shanu arewa Alƙasum ya ga sawu, abin ya dame shi, ya ɗaure sirdi ba wanda ya aike shi. Ran Litinin ya dawo da dami guda na ciyawa, ya ajiye ƙarƙashin aduwa gaban kowa.

Na ce, “Kawu, ban je ba. Ran nan da kunka tambaye ni, ban je ba. Adadi kawai nis sa.”

“Wannan ma na sani. Alƙasum ya tambayi masu rijiya, sun ce ba su ga motar furoje ba bana.”

Na ce to tunda ya sani, me ya fito da shi? An ba shi dama ya kai nasa can, ba mai hana shi.

Ya sauke sandar ya dogara a kanta. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini.

“Wa yas sa ni na ƙarshe, ni ɗai cikin tunga?”

Na ce ni ne. Na ce don in kare shi na yi.

“To ka ji abin da aka cewa. Ana cewa Ciɗo da ɗanshi sun san da hakin. Sun sa mutane sun saida, shi ya aje nashi baya, in wuri ya yi sarari shi kai su su ci su ƙoshi. Jiya Yunusu ya wuce ni bakin masallaci bai ba ni hannu ba. Shekara arba'in muna sahu guda.”

Na ce zan je in yi musu bayani, in ce laifina ne ni kaɗai.

“Ka maido musu da shanu?”

Ya ci gaba:

“Gida ashirin sunka saida da bakina. Ni nac ce ma Alƙasum shi kwance sirdi. In nawa sunka kwana gida yau, ina zan aza ido cikin tungar nan? Abin da yac ci su shi ci ni.” Ya daki ta bayan da sanda a hankali. “Tashi, ka makara wurin aiki.”

Na bi shi ina tura moto da hannu har fili. Na roƙe shi sau uku, har na riƙe masa riga, abin da ban taɓa yi ba. Ya cire hannuna ya ci gaba.

Dokta ya gan shi ya dube ni, ya ɗaga gira. Ya taso da kansa ya gaishe da Kawu, ya ce wa Alhaji a ƙara wa tsoho wani abu a kan farashi, na gida ne. Kawu ya tambayi nawa aka ba Yunusu a kan kowace. Aka faɗa. Ya ce haka za a ba shi, ko dala ba ya son ƙari.

Dokta ya duba haƙora. Duk taran masu ƙarfi ne, duk na Alhaji. Ni na rubuta rasit. Na ɓata ɗaya na sake. Kawu ya dangwala yatsa, ya goge a gefen riga, ya naɗe kuɗin a aljihu bai ƙirga ba. Bai tsaya ya ga an kora su ba.

Na yi kuka a bayan kamyo. Ina da shekara arba'in da ɗaya.

Juma'a, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na safe

Kawu ya kira da wayar wani. Tunda nake bai taɓa kirana ba, ni ke kira. Na miƙe tsaye na amsa.

Ya ce ya isa gida lafiya. Ya ce Yunusu ya zo da safe sun sha fura tare. Ya tambayi jikin Hafsatu, don na ce masa tana tari. Na ce da sauƙi. Na ce, “Kawu, ran Asabar ina nan tahe, in yi ma biyar ɗin da sunka rage allurar shekara, in zo da dussa.”

Sai ya ce:

“Gida gidanku na, Rashidu. Ka zo ka ga mutane duk ran da kaka so, ka zo da yara. Amma zancen bisashe, ka aiko wani.”

Na ce to, Kawu.